Fentin Simon a Zannuwan Zumunta

Duk wanda ya taɓa wucewa ta Maijirgi ya san Simon mai fenti, ko yana so ko ba ya so, domin Simon ba ya barin baƙo ya wuce bai ji tarihinsa ba. Sana'arsa shafa wa amalanken jaki fenti, ja da kore da ruwan ɗorawa, sannan ya rubuta "Sai Haƙuri" a bayanta. Ba laifi, yana ci yana ciyar da iyali. Abin da ya lalata shi tafiyar da ya yi Kwatano ce. Sati bakwai ya yi can yana riƙe wa wani mai fentin otal tsani, ya dawo da farar kwat, da tabarau, da wani ɗan littafin launuka mai buɗewa kamar mafici. Tun daga ranar ya hana a ce masa mai fenti. Shi yanzu "Maître Simon, décorateur" ne, wai ƙwararren mai ƙawata ɗakuna da Faransanci, kuma duk launin da ke garin, daga bangon laka har gashin zakara, ya zama na ƙauyanci a idonsa.

A cikin littafin nan akwai launi ɗaya da ya shiga ransa. Mai duhu ne, ba baƙi ba, ba shuɗi ba, ba kuma ja ba. Mu dai da ba mu je Kwatano ba ruwan ɗinya muke ce masa, irin ɗinyar da ta nuna sosai har tana ƙyalli. Simon ya yi ta neman wanda zai shafa wa. Masu amalanke suka ce ba sa son mota ta take su a kan titi don ba a hango su ba. Mai shayi ya ce teburinsa lafiyarsa ƙalau. Matarsa Susanna kuwa ta ce in ya kuskura ya taɓa ɗakinta da shi, to ya nemi inda zai riƙa cin tuwo.

Ita Susanna abin da ke gabanta ya fi fenti. Shekara bakwai ke nan tana cikin zumuntar mata ta majami'arsu, kullum a sahun baya, tana amshi tana kaɗa caki. Bana Mama Abigail, uwar zumunta, ta ce muryarta ta tsufa, don haka Susanna ce za ta ba da waƙa a taron godiyar kaka na Tasawa, inda matan majami'u daga Mayahi da kewaye ke haɗuwa kowa ya nuna abin da ya iya. Waƙar ma ita ta tsara abarta. Tana daka tana rerawa, tana shara tana rerawa, har kajin gidan sun kusa haddace ta. Ba ta taɓa son wani abu a duniya kamar ranar nan ba.

Matsala ɗaya ce, anko. Matan Mayahi kowace shekara da sabuwar atamfa suke zuwa, su kuwa na Maijirgi fararen zannuwa ne kaɗai abin da suke da shi iri ɗaya, har ana yi musu ba'a ana cewa ga balbelu sun sauka. Ranar Lahadi bayan sujada, matan su goma sha takwas suka zauna gindin dogonyaro suka tara zannuwan a gaban Mama Abigail, aka yanke shawarar a kai wa Baba Ƙadri, tsohon marinin da ya rage a garin, ya rina musu. Tsautsayi ya sa Simon yana kusa, yana jiran a gama ya karɓi makullin gida.

"Mama," in ji shi, yana gyara tabarau, "da girmanki za ki kai zannuwanga cikin rami? A wanga zamani?"

"To ina za ni kai su, Simon?"

Abin nema ya samu. Simon ya zaro littafinsa, ya ware shi fir, ya ɗora yatsa a kan launin nan.

"Ku duba nan. Wanga shi ne violet profond, launin sarakuna da manyan mutane. In mace ta ɗaura shi, ko ba ta ce komi ba, sai an tashi an ba ta kujera. Mai ƙiba shina rage ta, siririya shina cika ta. A otal ɗin da na yi aiki, ɗaki guda kaɗai aka shahwa ma shi, kuma ba kowa ke kwana ciki ba sai minista. Ku haɗa shi da hwarin kallabi, voilà, matan Mayahi sai su koma gida tun ba a buɗe da addu'a ba."

Mama Abigail ta kai littafin kusa da ido. "To ai ruwan ɗinya ne wanga."

"Haba Mama! Ɗinya ta daji ce. Wanga daga Turai yake."

Susanna ta matso ta yi ƙasa da murya. "Baban Espérance, don Allah, ka taɓa rini?"

"Maman Espérance, launi launi ne. Wanda ya iya da ƙarhe, ƙyalle ne zai gagare shi?"

Matan da suka ji zancen rage ƙiba su ne suka fara cewa a ba shi. Waɗanda suka ji zancen minista suka bi baya. Kafin Susanna ta sake buɗe baki, an riga an ɗora wa mijinta ƙullin zannuwa a ka. Mama Abigail dai ta ce ya biya ta wurin Baba Ƙadri ya ji shawara, tunda kunne ya girmi kaka.

Ya biya ɗin, amma ba shawara ta kai shi ba, zuwa ya yi ya nuna wa tsoho cewa zamaninsa ya wuce. Ya iske shi a bakin raminsa, hannuwa shuɗi har gwiwar hannu, yana motsa baba da muciya.

"Baba Ƙadri, ina wuni? Kwana nawa za ka yi ka hiddo wanga launi?"

Tsoho ya dubi littafin, ya dubi mai littafin. "Kwana goma. A tsoma a baba sau bakwai, a bi shi da jan karan dahi, a ɗauraye, a shanya, a buga."

"Kwana goma! Ni yini guda ya ishe ni. Kuma mi ka ce? A ɗauraye?"

"A ɗauraye har sai ruwa ya hito hwari."

Simon ya yi dariya har da dukan cinya. "Shi ya sa kunka tsufa cikin rami, Baba. Mutum ya sha wahala ya sa launi, sannan ya wanke shi? Ka taɓa ganin na gama fentin amalanke na kai ta rijiya?"

"Ban taɓa ganin amalanke ta yi zuhwa ba, ɗana."

"Wanga kuma wane zance ne?"

"Ba komi. Ka gai da mutanen gida." Baba Ƙadri ya ci gaba da motsa babansa. Da Simon ya yi nisa, tsoho ya ce wa muciyarsa, wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

A gaskiya Simon bai san inda ake samo launin ba, amma wannan bai taɓa hana shi barci ba. Ya je kasuwa wurin masu maganin dabbobi, ya sayo garin maganin nan da ake shafa wa jaki a gyambo, wanda in ya taɓa fata sai ya ga dama yake fita. Ya jiƙa ya ga bai yi duhu yadda yake so ba. Sai ga shi a ƙofar maƙwabciyarsu Lailatu, mai dafa maɗin ɗinya, yana neman tukunya biyu.

"Maître da kansa?" in ji Lailatu. "Ba kai ka ce ɗinya ta daji ce ba?"

"Don ƙamshi zan sa, Lailatu. Sirrin aiki ne, ba za ki gane ba."

Ya zuba maɗi cikin magani, launi ya fito sak na littafi, har shi kansa sai da ya tsorata. Saura ƙyalli. A amalanke man ƙyalli yake bi da shi a ƙarshe, to a zane fa? Ya tuna masu guga na sa ƙaro a shadda. Su ɗan kaɗan suke sawa, amma su ai ba su je Kwatano ba. Simon ya jiƙa ƙaro kwano guda cur ya juye a ciki.

Ranar Alhamis da hantsi ya shimfiɗa zannuwa goma sha takwas a kan dangar gida, ya ɗauko buroshinsa na fentin amalanke, ya shiga shafawa daga sama zuwa ƙasa yana fito. Mutane suka fara taruwa, don ba a taɓa ganin ana yi wa zane fenti ba a Maijirgi.

"Simon, ba tsomawa ake ba?" wani ya tambaya.

"Tsomawa aikin masu wanki ne. Mu shahi uku muke, trois couches. Na hwarko shi kama, na biyu shi zauna, na uku shi yi magana."

Shafi na farko bai gama bushewa ba ƙudaje suka zo gaisuwa. A na biyu kiyashi suka yi layi tun daga bayan gida. A na uku akuyar Lailatu ta tsallako, ta lashi gefen wani zane, ta ji zaƙi, ta kama ci. Simon ya bi ta da buroshi, ta zagaya rumbu sau biyu, ta koma gida da shuɗin baki da shuɗin gemu. Lailatu ta leƙo ta kan katanga tana riƙe da ƙahon akuyarta.

"Maître, ita ma Tasawa za ta?"

"Ki gode Allah, akuyarki ce ta hwarko a Nijar da ta samu wanga launi kyauta."

"To zanen wa ta ci?"

Na Mama Abigail ne. Simon ya datse gefen da almakashi ya ce sabon yayi ne, a Kwatano gajere ake ɗaurawa.

Duk wannan Susanna na zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake, ta daina rera waƙarta. Can ta ce, "Baban Espérance, shekara bakwai nake jiran ranar nan. In ka san abinga ba zai yi ba, ka hwaɗa tun yanzu, mu tahi da hwararenmu. Gara a ce mana balbelu."

Maganar ta ɗan sosa masa rai, don yana son matarsa ba kaɗan ba. Amma mutane na tsaye suna kallo, kuma Simon da ya ce ban iya ba a gaban mutane gara ya haɗiye buroshi. Ya ce, "Ki kwantar da hankalinki. Ranar nan ba a Tasawa kaɗai ba, har Maraɗi sai an ji labarinku." Wannan dai bai yi ƙarya ba.

Ranar Asabar da safe matan suka zo karɓar kaya. A faɗi gaskiya, zannuwan sun yi kyau na ban mamaki. Duhu mai zurfi, in rana ta doke shi sai wani ja-ja ya taso daga ciki, ga ƙyalli har mutum na ganin inuwarsa. Matan suka ɗauki guɗa. Sai dai da aka ciro na farko daga danga, ya ƙi lanƙwasa. Simon ya ajiye shi a ƙasa, ya tsaya da kansa.

"Simon," in ji Mama Abigail, "zane ne ko ƙyauren ɗaki?"

"Alamar inganci ke nan, Mama. Ki ɗaura, jiki zai saba da shi."

Aka ɗaura da taimakon juna, ɗaya ta riƙe ɗaya ta zagaya. Da suka kama hanya zuwa bakin titi, sai ka ji ƙarar zannuwan ƙaraƙas, ƙaraƙas, kamar ana tafiya cikin busasshen kara. Simon na gaba da farar kwat da littafinsa a aljihu, don ya ce dole mai aiki ya raka aikinsa. Baba Ƙadri na zaune a ƙofar gida, ya ɗaga hannu ya ce Allah ya kiyaye hanya, ya kuma kiyaye zufa.

Direba Moctar ya cusa su duka cikin motarsa, da tulun kiɗa da caki, ya rufe ƙofa da kafaɗa. Zafin kaka kuwa kowa ya san shi. Ba a yi nisa ba zannuwan suka fara laushi, matan suka ce alhamdu, ashe Simon ya yi gaskiya. Ba a daɗe ba kuma mota ta ɗauki ƙamshin maɗi.

"Wa ke cin alewa bai ba shofer ba?" in ji Moctar.

Su kuwa matan, kowace ta fara jin wani danƙo-danƙo a ƙafa, tana tsammanin ita kaɗai ce. Da aka iso Tasawa aka buɗe ƙofa, ta farko ta fito da ta biyu manne a gefenta. Sai da Moctar ya riƙa raba su biyu-biyu. Ya leƙa ya ga kujerunsa, ya dafe kai.

"Maître, mi ne ne wanga a kujeruna?"

"Ka samu dekorasiyo kyauta kana ƙorahi? Mutanenmu dai ba su san alheri ba."

Majami'ar Tasawa ta cika maƙil, rufin kwano na zuba wuta. Da matan Maijirgi suka shigo a jere, fararen kallabai a sama, ruwan ɗinya a ƙasa, wallahi wuri ya yi tsit. Matan Mayahi suka dubi atamfarsu suka ji ta yi musu arha. Susanna da ke gaba ta ji wani sanyi a ranta, ta ce watakila dai wannan karon mijinta ya dace. Aka zaunar da su a benci uku, shida-shida.

Da Simon ya yi shiru a nan, da an raba laifin da tsautsayi. Amma ina. Ya ga idon jama'a a kan zannuwa, kansa ya kumbura, ya je ya raɗa wa Fasto Jacob mai jagorantar taro cewa yana da 'yar shaida ta minti ɗaya. Fasto, mutumin kirki, ya miƙa masa mikro.

"'Yan'uwa, salama! Na ga kuna tambayar juna, wa ya yi wanga aiki? Kada ku wahala, ga shi gabanku. Maître Simon, décorateur, Maijirgi, kusa da mai hwacin taya. Ni kaɗai na yi shi, ba hannun kowa a ciki, ko matata ban bari ta taɓa ba. Wanga launi ma'anarsa daraja, da natsuwa, da zurhin tunani. Ba shi zuba, ba shi kwaɗewa, har jikokinku sai sun gaje shi. Mai biro shi rubuta nimerona."

Ya faɗi lambar wayarsa sau uku, a Hausa da Faransanci. Minti ɗaya ya zama ashirin. Bayansa aka yi wa'azi, bayan wa'azi matan Mayahi suka yi waƙa uku. Duk wannan lokaci matan Maijirgi na zaune suna zufa. Mai zufa kuwa dole ta share fuska, kuma da gefen zane ake sharewa. Wadda ke kusa da Mama Abigail ta juyo za ta yi mata magana, ta ga fuskarta, ta ce, "Yesu!" Mama Abigail ta dube ta ita ma ta ce, "Ke kin ga taki?"

Kafin su gama duban juna Fasto Jacob ya ce, "Yanzu sai zumuntar matan Maijirgi, 'yar'uwa Susanna za ta ba da waƙa."

Mai tulu ta buga, dum, dum. Susanna ta ja numfashi ta miƙe, sahun gaba suka miƙe tare da ita, benci ma ya miƙe tare da su. Mata shida a sunkuye, katako manne a bayansu. Suka koma suka zauna. Suka sake yunƙurawa, benci ya sake biyo su. Na sahu na biyu suka ce bari su taimaka, suka tashi da nasu bencin, ya doki na gaba, na gaba suka tafi luu suka dafa teburin Fasto, suka bar tafin hannu goma sha biyu a kan farin ƙyallen teburin.

Wani yaro ya fara dariya, uwarsa ta make shi, sannan ita ma ta fashe. Matan Mayahi suka cusa kallabi a baki. Fasto Jacob ya zo da niyyar taimako, ya kama hannun Mama Abigail ya ja, ta taso da ƙarar ɓaaar, shi kuma ya koma baya da shuɗin hannu, ya shafa gemu don mamaki, gemu ya bi sahu.

"Ku natsu!" in ji Simon daga gefe. "Launin ne ke sabawa da iskar Tasawa. Normal ne!"

Susanna ba ta dube shi ba. Ta fizge zanenta daga benci, ta tsaya a gaban jama'a da fuska shuɗiya, ta ce a ranta ko da me sai ta yi waƙar nan. Ta ɗaga hannu, ta buɗe baki. A daidai lokacin baƙin da ba a gayyata ba suka iso. Akwai amyar zuma a kan kukar da ke bayan majami'a, kuma tun shigowar matan ƙamshin maɗi ke fita ta taga. Ƙudan zuma ɗaya ya shigo ya duba, ya koma ya kai rahoto, sai ga dangi gaba ɗaya.

Abin da ya biyo baya ba a iya ba da shi a jere. Matan Mayahi da ke dariya su suka fara kai wa ƙofa. Dattawa suka bi ta taga, har da wanda ya shigo yana dogara sanda. Sahu na uku na Maijirgi suka fita a guje da bencinsu a baya, suka maƙale a ƙofa, sai da aka juya su a karkace. Tulun kiɗa ya fashe. Mikro na ƙasa yana watsa ihu a lasifika har kasuwa. Duk wanda ya gogi wata 'yar Maijirgi a turmutsutsun nan ya fita da rabonsa, a riga, a hannu, ko a kunci.

Simon ya so sulalewa ta bayan motar Moctar, amma wanda ya faɗi sunansa da unguwarsa da lambar wayarsa sau uku ina zai ɓuya? Farar kwat kuma a cikin taron da kowa ya yi shuɗi, ko makaho ya hango ta. Mama Abigail ta tare shi, leɓenta na sama ya sha harbin zuma, ya kumbura ya yi biyu.

"Maître," ta ce da ƙyar, "ba mu yi maka godiya ba."

"Mama, ba sai kun..."

"A'a, ai wajibi ne. Mata, ku zo ku gai da mai aiki."

Suka zo ɗaya bayan ɗaya, su goma sha bakwai, kowace ta kama shi hannu bibbiyu, ta shafa kafaɗa, ta shafa kunci, ta ce sannu da ƙoƙari. Kafin a gama, daga tabarau har takalmi babu inda ya rage fari. Susanna ce kaɗai ba ta zo ba. Tana zaune a kan dutse can gefe, ta rufe fuska da kallabi tana kuka, kuma wannan ya fi duk harbin zumar da ya sha yi masa ciwo. Aka dawo Maijirgi a bayan motar ɗaukar gyaɗa, don Moctar ya rantse ba za su sake shigar masa mota ba. Wayar Simon kuwa tun a hanya take ƙara, duk wanda ya rubuta lambar yana da abin faɗa.

Kwana biyu Susanna ba ta ce masa ci kanka ba. Ranar Litinin da safe Mama Abigail ta aiko a ce masa ya zo bakin rijiyar gari da guga da sabulu. Ya iske zannuwa goma sha takwas a tare, matan na zaune a kan tabarmi, fuskoki shuɗi, leɓuna a kumbure, rabin gari kuma na tsaye a bayansu. Baba Ƙadri har da kawo kujerarsa.

"Za ka wanke su," in ji Mama Abigail, "har sai ruwa ya hito hwari."

Simon ya tuɓe riga ya fara jan ruwa. Guga na farko launi ya bi ƙasa. A na biyar zanen ya koma wani toka-toka mai kama da tsumman goge tukunya. Ya ɗaga shi ya duba, ya dubi fuskokin matan, tsohon hali ya motsa.

"Amma dai a hwaɗi gaskiya, launin ya kama."

"Ya kama kowa," in ji Baba Ƙadri, "ban da zane."

Da dariya ta lafa, Mama Abigail ta ɗaga hannu. "Saura abu guda. Tasawa ba ta ji waƙar ɗiyata ba, to Maijirgi za ta ji ta yau. Susanna, tashi. Mu kam kin ga bakinmu, ba mu iya amshi. Mijinki zai yi."

"Ni? Mama, muryata..."

"Mun ji ta a mikro, lahiyarta lau. Kana wanki kana amshi."

Susanna ta tashi a hankali. Ta tsaya a bakin rijiya da tsohon zanenta na gida, wata ta kifa ƙwarya tana bugawa a madadin tulu. Ta fara da ƙaramar murya, sannan ta sake ta gaba ɗaya, har masu jan ruwa a ɗaya gefen suka saki igiya.

"Gero ya cika rumbu, wa ya ba mu?
Gyaɗa ta cika buhu, wa ya ba mu?"

Ta tsaya, ta juyo ta dubi mijinta, karo na farko tun Tasawa. Simon ya san amshin sarai, wata guda yana jin sa a tsakar gida bai taɓa sauraron abin da yake cewa ba. Sai yanzu, durƙushe cikin kumfa, da gari duka a kansa, ya ji shi da kyau. Ya yi gyaran murya ya faɗa cikin bokiti.

"Ba mu ji ba, Baban Espérance," in ji Susanna, bakinta na son yin murmushi tana hana shi. "Ɗaga murya, yadda ka yi a Tasawa."

Simon ya ɗaga shuɗiyar fuskarsa sama, ya buɗe baki da muryar da ta sa jakin mai ruwa ya amsa daga nesa:

"Ba wayona ba ne, ba iyawata ba ce!"

"Sake!" in ji matan Maijirgi.

Waƙar baiti goma sha biyu gare ta, kuma Susanna ba ta tsallake ko ɗaya ba.